Tsadar Aksil na Baya na Durƙusar da Tsofaffin Gingimari a Zungur

Bauchi: Idan aksil na baya ya lalace, mai tsohuwar gingimari da ke jigilar masara daga Zungur zuwa kasuwar Muda Lawal zaɓi biyu gare shi: a canza haƙoran giyar da suka cinye, ko a sayo aksil ɗungurungum, na hannu, ɗan Baljiyam. Farashin na hannun ya bi dala tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023.

Abin da masu saye kan manta shi ne ƙirga haƙoran. Muddin adadinsu ya saɓa da na asali, ko dai motar ta riƙa shan gas fiye da kima, ko ta gaza hawan tudu da lodi.