Yadda Ake Fitar da Kwana Mai Kyau a Ɗinkin Fata da Babban Keke

In kana son ka san hannun wanda ya ɗinka jaka ko walat, kada ka tsaya kan doguwar miƙa. Wannan keke ne ya yi ta, kowa zai iya. Kwana za ka duba. A nan ake ganin takun allura ɗaya ya fi 'yan uwansa tsawo, ko zare ya yanke hanya ta ƙasa, ko ƙulli ya leƙo sama. A yadi sai a warware a sake. Fata kuwa ba ta mantuwa: duk inda allura ta huda, hujin ya zauna ke nan. Shi ya sa baduku ke gama shawarar kwanarsa tun kafin ya iso ta.

Abin yana farawa ne daga alama. A ja layin ɗinki a gefen fatar, tazarar milimita 3 zuwa 4 daga baki ga ƙananan kaya, sannan a ɗiga alama da bakin basilla daidai inda layuka biyu suka haɗu. Cikin wannan ɗigon allura za ta sauka, ba kusa da shi ba. Masu dogara da ɗan ƙarfen da ke riƙe tazarar baki su lura cewa yana barin aiki a kwana, domin bakin da yake bi ya ƙare. Ido da alama ne suka rage. Kuma a haɗa fatun da gam tukuna, a bar shi ya sha iska. Ba a kafa wa fata fil.

Da wuya taku na ƙarshe ya faɗa kan ɗigon da kansa. In an saita keke a milimita 4, sau da yawa sai a tarar saura milimita 2 ko 6. Mai gaggawa yakan bar guntun taku ɗaya a bakin kwana, kuma ido na kama shi daga nesa. Gwani yana tsayawa saura taku uku ko huɗu, ya auna da ido, ya raba gibin a tsakaninsu yadda kowanne zai ragu ko ya ƙaru kaɗan. Ana yin haka ta ɗaga ƙafar keke kaɗan a gyara zaman fatar, ko ta danna sandar ribas rabi, domin a kekuna da yawa hakan na gajarta taku. Waɗannan takun na ƙarshe da hannu ake yin su, ana juya wili zuwa wajenka. Kada a mayar da shi baya, zare zai cukurkuɗe a ƙoshiya.

Ga inda akasarin ɓarna take. Kowa ya ji an ce a bar allura a cikin fata kafin a juya, amma ba a cika faɗin a wane matsayi ba. Ɗinki ba ya ƙulluwa lokacin da allura ta kai ƙarshen saukarta. Sai ta fara tasowa zaren sama ke yin ɗan lanƙwasa a bayanta, ƙugiyar da ke ƙasa ta cafke shi ta zagaya da shi kwarkwaro. In ka juya fata kafin ƙugiya ta kama, lanƙwasar za ta kauce, takun kwana ya tsallake, zare ya ratsa a karkace. Don haka a kai allura ƙasa, a ci gaba da juya wili har ta taso kamar rabin santimita, tana nan cikin fata. Sannan a juya.

Akwai wani dalilin kuma. Allurar fata ba mai tsini zagayayye ba ce irin ta yadi. Bakinta wuƙa ne, yanka take yi. A kekuna masu ƙafa mai tafiya, irin Juki DNU-1541 ko tsohuwar Singer 111W, lamba 135x17 ta yadi ce, 135x16 ta fata. In aka juya fata alhali wannan baki mai kaifi yana cikinta, zai rarake hujin ya yi faɗi. Muddin bakin yana ƙasa, jikin allurar mai santsi ne kawai fatar ke juyawa a kansa.

Ɗaga ƙafar ma da ƙa'ida. Da gwiwa ake yi, don hannu biyu su zauna kan aiki, kuma kaɗan ake ɗagawa, iyakar yadda fata za ta juya. In aka tura sandar gwiwa har ƙarshe, faya-fayan da ke matse zaren sama za su buɗe, zare ya saki, sai a ga ƙulli ya kwanta a ƙasan kwana. Mutane da yawa na ta murɗa tenshan suna zargin keke, alhali gwiwarsu ce. Bayan an juya, a sauke ƙafa sosai, a yi taku biyu na farko da hannu kafin a taka moto.

Moton kansa na da hannu a ciki. Tsohon moto mai kuloci yana juyi kusan 1,400 ko 2,800 a minti, kuma da an taɓa shi sai ya zabura. Wanda ya saba yana sarrafa shi, amma ɗan koyo zai sha wuce ɗigo. Na zamani, wanda ake kira sarbo, ana iya rage gudunsa har ya riƙa taku ɗaya-ɗaya, ga shi ba ya jan wuta sai an taka. A ganina, mai ƙaramin shago da zai kashe kuɗi a abu ɗaya, a nan ya kamata ya fara.

Kwana mai zagaye ta fi sauƙi, ta kuma fi ƙarko, domin kusurwa mai tsini ce ke fara cinyewa a aljihu. A ɗora kwabo a zana, a yanke. Wajen ɗinki a riƙa juya fatar kaɗan-kaɗan bayan kowane taku, allura na ciki, ba a karkata ta da ƙarfi keke na gudu ba. Ana iya ɗan gajarta taku, amma kada huji ya matsu da juna, fatar za ta yage ta kan layin.

Sai batun kauri. Inda aka naɗe baki biyu suka haɗu a kwana, fata kan zama ninki huɗu, ƙafar keke ta hau tudu ta karkace, taku ya ƙanƙance. Maganinsa tun a tebur ne: a rage kaurin bakin da wuƙa mai kaifi, a cire ɗan yanki a kusurwar, a manna, a daddaka da guduma mai santsin baki. In duk da haka akwai tudu, a cusa guntun fata mai kauri ɗaya a bayan ƙafar don ta daidaita. Kirgin jar akuyar Sakkwato, wanda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, taushi gare shi, ba ya son matsi. A sassauta ƙafa, in ba haka ba haƙoran keke za su bar masa tabo daidai inda aka tsaya. Fatar saniya mai kauri, irin ta ɗamara da takalman da ake yi a Ƙofar Wambai a Kano, ita ke son matsi da babbar allura, lamba 140 ko 160.

Wasu kwanonin kuma ba na shimfiɗaɗɗen keke ba ne. Gindin jaka mai siffar akwati sai keke mai dogon hannu irin Pfaff 335, wanda jakar ke shiga ta zagaya shi. Masu gyaran takalma suna da Singer 29K, wadda ƙafarta ce ke juyawa kowace fuska, takalmin na zaune wuri ɗaya. Kowanne za a yi amfani da shi, a fara gwada kwana biyu ko uku a ragowar fatar da aka yanka aikin, da ninki iri ɗaya, a juya a duba ƙasa. Kuma kada a fara ɗinki ko a ƙare shi a kwana. A kai ƙullin tsakiyar miƙa, a koma taku uku cikin hujin da ke nan, a yanke zaren, in na roba ne a ƙona bakinsa.