Yadda Tsakuwar Rijiya Ke Tona Asirin Man Fetur

Duk mai sayen riɗi ko dawa a kasuwar Hawata ya san ba a biyan kuɗin buhu sai an soka ƙarfe an ga ƙwayar da ke ciki. To, haka su ma masu haƙar man fetur ke yi, sai dai nasu buhun yana can ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci zurfin kilomita 3 ko fiye.

Shi dai mai ba tafki yake yi a ƙarƙashin ƙasa ba, yana maƙale ne cikin ƙananan ƙofofin dutse, kamar ruwa a jikin soso. Duwatsun da suka fi riƙe shi iri biyu ne: dutsen yashi da dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi. Man Heglig, da Sudan ta fara fitarwa waje a 1999, daga dutsen yashi yake fitowa. Shi kuwa filin Ghawar na Saudiyya, da aka gano a 1948, a cikin dutsen farar ƙasa nasa yake.

Yayin haƙa, taɓon da ake turawa cikin rijiya yana dawowa da ɓarɓashin dutse. Sai a wanke shi a ɗiga masa ruwan asid. Idan ya yi kumfa nan take, kamar an zuba ruwan tsami a kan kanwa, to farar ƙasa ce. Idan kumfar ta yi nawa, ana zaton dolomait ne, ɗan'uwanta wanda sau da yawa ya fi ta ƙofofi. Daga nan wata na'ura takan auna sinadaran: kalsiyam mai yawa alamar farar ƙasa, magniziyam alamar dolomait, silikon alamar yashi, alminiyam kuma alamar laka. Da haka ake sanin shimfiɗar dutsen da bakin ƙarfe ya kai, kafin a zarce ta.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ganin farar ƙasa ba ganin mai ba ne. Ga ta nan jibge a Kalambaina ta Sakkwato, amma siminti ake yi da ita. Sai an gwada rijiya an ga mai ya ɓulɓulo, kuma da yawan da zai mayar da kuɗin haƙa.

Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, tsadar gas ke cin ribar masu manyan motoci da manoman Gadarif. Saboda haka labarin sabon mai yana da daɗin ji. Amma kada mu zuba jarinmu a fili don kawai an ce an ga injiniyoyi suna tsintar duwatsu. Allah Ya kare mana dukiyarmu, amin.