Ɗan sikirin a jikin kibod: ba kyauta yake zuwa ba

Idan kana yawo a TikTok ko YouTube, da wuya ba ka ci karo da shi ba: kibod ɗin da mutum ya haɗa da hannunsa, ga ɗan sikirin kamar tsawon yatsa a gefe, wata kyanwa mai suna Bongo Cat tana buga tebur duk lokacin da aka danna harafi. Abin sha'awa, wallahi. Amma wanda ya zauna zai zana allon lantarkin nasa, wato PCB, a manhajar KiCad, shi ya san abin da kyanwar nan take ci.

Sikirin ɗin da aka fi amfani da shi OLED ne mai inci 0.91 da ɗigo 128 a tsawo, 32 a faɗi, irin wanda ke kan Corne da Lily58. Ƙafafu huɗu gare shi: biyu na wuta, VCC da GND, biyu na saƙo, SDA da SCL. Matsalar tana kan biyun ƙarshe. Pro Micro, ƴar ƙwaƙwalwar da masu farawa suka fi saye, ƙafafu 18 kawai take bayarwa, kuma sikirin ba ya karɓar kowace ƙafa sai mai lamba 2 da mai lamba 3. In ka riga ka ba wa layukan madannai waɗannan biyun, to sai dai ka warware zanen.

Sai kuma tarkon da ya fi cin kuɗi. Masu ƙera sikirin ba su yi ittifaƙi kan jerin ƙafafun ba: wani ya fara da GND, wani da VCC. Ka zana da jerin wannan, ka sayo wancan, wuta ta shiga a juye, sikirin na iya ƙonewa nan take. Kamfanonin buga allo a China kuwa galibi guda biyar ne mafi ƙarancin oda, ka ga kuskure ɗaya ya zama biyar, ga kuɗin jirgi, ga makonnin jira. Shi ya sa ake fara sayen sikirin, a riƙe shi a hannu, sannan a zana ramukansa.

To yana da amfani ko ado ne kawai? A ganina, ga mai rubuta Hausa ya wuce ado. Da manhajar QMK kana iya ware wa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ shafi na musamman a madannai, sikirin ya riƙa nuna maka shafin da kake ciki, kada ka nufi ƙasa ka rubuta kasa.

Kyanwar dai sai a yi hattara. Ma'ajiyar Pro Micro kilobayit 32 ce kacal, hotuna masu motsi suna saurin cika ta, shi ya sa da yawa suka koma RP2040. Idan kuma kibod ɗin mai batir ne, OLED zuƙe caji yake yi, gara nice!view, sai dai shi ƙafafun saƙo uku yake buƙata.