Ƙasa ta ƙone, sama ɗanye: koyon gasa fiza a murhun yumɓu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Jakara ta Kano ya kalli yadda masu gurasa ke liƙa kwaɓi a jikin tanderu, ya riga ya san rabin wannan karatu. Yumɓu yana shan zafi sannu a hankali, ya ɓoye shi a jikinsa, sannan ya dinga sakin shi daidai wa daida. Mai gurasa ba ta liƙa komai sai harshen wuta ya kwanta, tanderu ya ƙoshi. Wannan halin na yumɓu shi ne jarin murhun gawayin nan mai siffar ƙwai da ake kira kamado.

Sunan daga Japan ya fito, inda kalmar ke nufin murhu. Akwai wani nau'insa mai murfi da Japanawa ke dafa shinkafa a ciki, wanda sojojin Amurka suka gani bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa tafiya da shi gida. A 1974 wani ɗan kasuwa mai suna Ed Fisher ya buɗe shago a Atlanta yana sayar da irinsu, daga nan kamfanin Big Green Egg ya samo asali. Kamado Joe ya biyo baya a 2009. Ginin duk kusan ɗaya ne: tukunya mai kaurin bango, murfi mai nauyi, ƙofar iska ɗaya a gindi, ɗaya a ƙoli. Da waɗannan ƙofofi biyu ake hura wuta, da su ake lallashinta.

Ita kuwa fiza, gidanta birnin Napoli na Italiya. A can ana gasa ta a tanderun itace mai zafin da ya kai wajen digiri 485, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 an fito da ita. Har ƙungiya suka kafa a 1984 don tsare ƙa'idojin yinta, kuma a 2017 UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa ta cikin al'adun duniya da ake adanawa. To, a nan ne sabon shiga ke fara ruɗuwa. Ya ji labarin digiri 485, ya ga murhunsa zai iya haura 400, sai ya buɗe ƙofofin iska wangale. Bayan minti biyu ya ɗaga murfi ya tarar da ƙasan fiza ya zama gawayi, samanta kuma ko cukun bai gama narkewa ba. Ni ma da haka na fara, biyun farko a kwandon shara suka kwana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tanderun Napoli wuta tana gefe, harshenta na lasar rufi, zafi na saukowa kan fiza ta sama kamar yadda yake shigarta ta ƙasa. A kamado kuwa garwashi yana kai tsaye a ƙarƙashin dutsen gashi, wanda ake ɗora fiza a kansa. Saboda haka aikin mai koyo shi ne ya rage wa ƙasa ƙarfi, ya ƙara wa sama. Ana fara ɗora farantin yumɓu mai tare wuta a kan garwashi, sannan a ɗora dutsen gashi a samansa, amma kada su haɗu. A bar tazarar kamar yatsa biyu ko uku a tsakaninsu domin iska ta ratsa. Idan suka manne, sun zama dutse ɗaya mai ƙuna. In da hali a ɗaga dutsen ya kusanci murfi, don a cikin kumburin murfin nan ne zafin da zai gasa sama yake taruwa. Zafin digiri 280 zuwa 320 ya ishi mai koyo, fiza za ta nuna cikin minti 6 zuwa 8, kuma yana da sararin gyara kuskure.

Sai maganar jira, wadda ita ce mafi wuya ga mai yunwa. Ma'aunin zafin da ke jikin murfi iskar ciki yake aunawa, bai san halin da dutse yake ciki ba. Allura na iya kai 300 cikin minti goma sha biyar alhali dutsen bai ko farka ba. A ba shi minti 30 zuwa 45 bayan allura ta tsaya. A kuma sa shi tun wuta na ƙarama su yi zafi tare, don dutse mai sanyi idan ya faɗa cikin wuta mai ƙarfi yana iya tsagewa. Gawayin itace manya-manya ake so. Kalanzir kuwa kada ya ko kusanci murhun, domin yumɓu na shanye wari, kuma zai daɗe yana mayar maka da shi a cikin abinci.

Kwaɓin ba shi da wani tsafi. Fulawar burodi giram 500, ruwa mililita 320, gishiri giram 10, busasshen yis kamar rabin ƙaramin cokali. A murza har ya yi santsi, a rufe a sa a firji ya kwana, gobe a raba uku a dunƙula, a bar shi a waje awa biyu ya saki jiki. A bar sukari da zuma, su ne ke sa ƙasa saurin baƙi a irin wannan zafi. Da hannu ake faɗaɗa shi, daga tsakiya zuwa gefe. Muciya ko kwalba na kashe iskar da yis ya kwana yana tarawa.

Wajen kayan sama ne halinmu na karamci ke cutar da mu. Hannun da ya saba cika wa baƙo kwano zai so ya jibga nama, albasa, tattasai da cuku har kwaɓi ya ɓace. Duk abin da aka ƙara ruwa yake fitarwa, tsakiya ta jiƙe ta ƙi nuna. Cokali uku na niƙaƙƙen tumatir, cukun mozarela da aka tsane, ɗan abin da rai ke so kaɗan, shi ke nan. Nama a dafa shi tukun. A barbaɗa garin samolina a kan allon da za a ɗauki fiza, a girgiza a ga tana zamewa kafin a nufi murhu. Idan ta ƙi motsi a nan, ba za ta motsa a bakin wuta ba.

Abu biyu kuma ba na wasa ba ne. Idan murhu ya yi zafi sosai, kada a ɗaga murfi gaba ɗaya: iska na rugawa ciki, wuta ta yi tsalle ta lashe gashin hannu, wani lokaci har gira. A ɗaga shi kaɗan sau biyu ko uku ya yi numfashi, sannan a buɗe. Na biyu, a tsakar gida ake wannan aiki, inda iska ke kaɗawa. Gawayi na fitar da iskar guba marar wari, wadda ke kashe mutum a ɗaki rufaffe.

Idan fiza ta farko ta fito, kada a yi saurin jefa ta biyu. Dutsen ya ba da zafinsa, yana bukatar kamar minti biyar murfi a rufe kafin ya dawo. Da an gama a toshe ƙofofin iska duka biyu, kada a zuba ruwa. Wutar za ta mutu da kanta, kuma washegari za a tarar da ragowar gawayin da zai isa gasa kaza.