Idan Ruwa Ya Sauya Hanya

Mu da muka tashi a ƙasar Haɗeja mun san wani abu tun muna yara, amma sai da muka bar gida muka gane darajarsa. Fili ɗaya a fadama yakan sauya kama sau huɗu a shekara. Da damina shinkafa ce tsaye cikin ruwa. Idan ruwan ya fara ja da baya wajen kaka, sai masunta su shiga da koma da taru da mali. Ƙasa na fara tsanewa, sai a soka wake cikin laimar da ta rage, ko a tada injin ban-ruwa a sa alkama da tumatir da tattasai. Can cikin bazara kuma shanun Fulani ne ke kiwo a wurin, suna barin taki. Sau da yawa mutum ɗaya ne manomin, shi ne kuma masuncin. Kayan aikin hannunsa kawai ke canzawa.

Wannan ya faɗo mana a rai ne ranar da aka kafe sakamakon zangonmu na farko a jami'a. A cikinmu akwai wanda tun daga aji ɗaya na sakandare bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Ranar sai ga shi ya faɗi kwas biyu. Kwana uku bai leƙa aji ba. Ba kasala ce ta kayar da shi ba, karatu yake yi har tsakar dare. Matsalar ita ce irin karatun sakandare ya zo da shi: jiran malami ya rubuta a allo, a kwafa, a haddace. A nan kuwa malami zai yi bayani na awa biyu a gaban ɗaruruwan ɗalibai, ya tattara takardunsa ya fita, sauran aikin naka ne. Ruwa ya janye, shi kuwa yana tsaye da koma a hannu.

Iyayenmu sun ga sauyin da ya fi wannan. Kafin a haife mu, ambaliyar kogin Haɗeja tana da lokacinta: ta zo da damina, ta tafi da rani. Sai aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano. Daga nan tafiyar kogin ta canza. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har cikin rani. Wannan yanayi ne ciyawar kachala ke so. Ta bazu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu far wa shinkafa da gero. Ruwan ya karkata ya bi ta Marma zuwa wajen Nguru, wasu garuruwa suna kuka da yawansa, wasu suna kuka da rashinsa.

Ba a tambayi manomin Guri ko na Kirikasamma ba kafin duk wannan ya faru, kuma ba za mu ce muku kowa ya tsira ba. Akwai gidajen da har yau ba su farfaɗo ba. Amma ku lura da waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu. Sun ajiye jigo sun koyi aiki da inji. Sun haƙa rijiyoyin ban-ruwa a gonaki. Wanda ke da fili a tudu ya ƙara da riɗi. Gari da gari sun riƙa fita aikin gayya, cikin ruwa har ƙirji, suna saran kachala don buɗe hanya. Sun yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya, amma ba su bar aiki suna jiran kogin ya koma yadda yake a da ba.

To, ƙannenmu, sauyin da ke gabanku iri biyu ne. Akwai mai sallama, wanda ranarsa ke rubuce. Ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya san zai zaɓi ɓangaren kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci. Kada ka zaɓa don abokinka ya zaɓa. Mun ga waɗanda suka yi shekara uku suna kokawa da lissafi don kawai kada a ce sun gaza. Ɗan aji shida kuwa ya san WAEC da NECO da JAMB na tafe. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, amma har yanzu akwai masu fara taɓa kwamfuta a ɗakin jarrabawa. Ka samu shagon kwamfuta a cikin gari, ko da awa ɗaya ce a mako, hannunka ya saba tun yanzu.

Na biyun shi ne mai zuwa da dare. Ambaliyar 2022 ba ta nemi izinin kowa ba. Mun ga matasan Haɗeja suna ɗura ƙasa a buhuna ana jinga, mun ga azuzuwa sun koma masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Haka rasuwar mahaifi take zuwa, haka rashin samun gurbin karatu. Ba ka iya hana irin wannan, amma kana iya yin abin da mutumin fadama ke yi: ba ya zuba irinsa duka a gona ɗaya. Idan likitanci kake so ka nema, amma ka san abin da ake koyarwa a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗeja. Idan shekarar zaman gida ta kama ka, kada ka ƙarar da ita a majalisa. Gyaran waya, ɗinki, haɗa sola, ko kadada guda ta noman rani, duk suna ciyar da ɗalibi a jami'a.

Ke kuma ƙanwarmu, mun san gama aji shida kan zo da maganar aure a gidaje da yawa. Idan kina son ci gaba da karatu, ki faɗa wa Inna da Baba tun kina aji biyar, cikin ladabi, ki kuma nemi wata gwaggo ko malama da ake jin maganarta ta sa baki. Zancen da aka yi da wuri ya fi sauƙin shiga cikin sharuɗɗa.

Abokin namu ya dawo aji a rana ta huɗu. Ya shiga wani rukunin ɗalibai biyar masu bita bayan la'asar, shi da a da ake zuwa wurinsa neman amsa. Ya ce mana abin da ya fi yi masa wuya shi ne ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Bana ya sake rubuta kwasa-kwasan nan biyu tare da 'yan shekarar farko, ya ci ɗaya da kyau, ɗayan kuma muna jiran a kafe.