Bayan bak: me karatun haɗa fannoni yake tsinana wa ɗalibi?

Kowace shekara, da zaran an bayyana sakamakon jarrabawar bak, sai shawara ta tashi a gidaje daga Tawa har Damagaram. Yaron da ya ci bak D an san inda ya dosa, ko likita, ko noma, ko kimiyya. Wanda ya ci bak A kuwa, ya ce yana son tarihi, yana son falsafa, kuma ba ya iya rabuwa da adabi, shi ke sa mahaifi ya dafe kai. Tambayar da alhaji ke yi a rumfar kasuwa ita ce ma'aikaci ke yi a biro: wannan karatu, me za a ci da shi? Tambayar tana bisa hanya, don shekara 3 na lisans kuɗi ne, kuma lokaci ne da ba ya dawowa.

A wasu ƙasashe an tsara digiri na musamman domin irin wannan ɗalibi. Jami'ar Oxford ta Ingila ta buɗe tun 1920 wani reshe da ya haɗa falsafa da siyasa da tattalin arziki, kuma firaministocin ƙasar da dama nan suka yi karatu. A Faransa, jami'ar Nanterre ta soma a 2006 wani lisans mai suna Humanités, inda ake karanta adabi da tarihi da falsafa da harsuna a lokaci guda. Manufar ita ce ɗalibi ya koyi duban matsala ɗaya ta fuskoki da yawa kafin ya yanke hukunci a kanta.

A nan gida tsarin ya bambanta. Jami'ar Yamai, wadda ta soma a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, tana da fakilte ta adabi da ilimin sanin ɗan Adam, watau FLSH. An kasa ta sashe-sashe: tarihi, labarin ƙasa, falsafa, ilimin zaman jama'a, nazarin harsuna, adabin Faransanci, Ingilishi da sauransu. Jami'ar Damagaram, da aka kafa a 2010, ita ma tana da irin wannan fakilte. Ɗalibi yana zaɓen sashe guda, takardar shaidarsa kuma sunan fanni guda take ɗauka. Ke nan haɗa fannoni a wurinmu galibi aikin ɗalibi ne da kansa, ta hanyar abin da yake karantawa da malaman da yake nema.

Amfanin wannan wahala yana fitowa fili in aka dubi rikicin manomi da makiyayi. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, amma takardar doka ita kaɗai ba ta raba gardama a gindin rijiya. Mai sasantawa sai ya san wa ya gina rijiyar da kuma wane sarki ya ba da wurin, wannan tarihi ne. Sai ya san inda burtali ya bi kafin gonaki su cinye shi, wannan labarin ƙasa ne. Sai ya san wa ke da ikon magana da sunan ruga, wa ke da ikon magana da sunan gari, kuma ya ji abin da ake nufi in an ce aro, ko jingina, ko gado, da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek. Wanda ya san fanni ɗaya tak, ɓangare ɗaya na rikicin zai gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƴan kasuwa ma abin ya shafe su. Littafin da Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 a kan alhazan Maraɗi ya bi yadda cinikin gyaɗa, sannan fataucin kaya zuwa Najeriya, suka gina arzikin birnin. Lissafin tan da riba bai ishe shi ba, sai da ya haɗa da tarihin garin, da dangantakar ubangida da bara, da matsayin addini cikin amanar ciniki. A Yamai, cibiyar LASDEL, da aka kafa a 2001, irin wannan hanya take bi wajen binciken asibitoci da ofisoshin gwamnati, don gane abin da ke raba dokar da aka rubuta da abin da ake yi a zahiri.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Almajirin zaure yakan bi fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri, wani lokaci a wurin malamai daban-daban. Bubu Hama malamin lakwal ne, ya rubuta tarihi da adabi, ya kuma shugabanci majalisar dokoki. Andre Salifu, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun, kuma shi ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Shi kansa Abdu Mumuni masanin kimiyya ne mai binciken hasken rana, amma a 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka.

Sai dai tsoron iyaye yana da tushe. Zamanin da gwamnati ke ɗaukar duk mai digiri ya wuce tun cikin shekarun 1990, kuma da yawa daga masu lisans na adabi koyarwar kwantaragi suke samu. Akwai kuma haɗarin da Bahaushe ya faɗa, taura biyu ba ta taunuwa: yaro ya ɗanɗana wannan, ya ɗanɗana wancan, ya fito ba ya da ko ɗaya a hannu. Abin lura game da magabatan da aka ambata shi ne kowannensu ya kafu a fanni guda tukuna, sannan ya miƙa hannu zuwa sauran.

Saboda haka mai son wannan karatu ya riƙe abu uku. Na farko, ya zaɓi fanni guda ya ƙware a kansa ƙwarai, sauran su zamo mataimaka. Na biyu, ya fito da sana'a da ake iya gani: rubuta rahoto mai tsabta, wanda shi ne ginshiƙin konkur na shiga aikin gwamnati, iya bincike cikin karkara da aiki da alƙaluma a kwamfuta, abin da furoje da ƙungiyoyi ke nema, ko fassara. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, don haka wanda ya iya rubuta ukun da kyau yana riƙe da jari. Na uku, ya nemi sitaj tun kafin shekarar ƙarshe, ya kuma san hanyar cibiyar IRSH, inda aka adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, da CELHTO mai tattara tarihin baka.

Ga iyaye kuwa, kafin a ce wa yaro i ko a'a, a zaunar da shi a tambaye shi: wane fanni ne gindinka, wane harshe za ka ƙara, kuma wane aiki za ka iya nunawa bayan shekara 3? In ya ba da amsa mai kan gado, a sa masa albarka ya tafi. In ya yi ta kame-kame, gara a ƙara shawara tun ba a kashe kuɗin mota ba. Allah ya yi wa ƴaƴanmu zaɓi mafi alheri.