Dundumi, Zogale da Ƙwayar Bitamin A

Tun kafin asibiti ya zo ƙasar Hausa, mutane sun san cutar da ake kira dundumi. Yaro yakan yi wasansa lafiya lau da rana, amma da zarar magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe da kwanuka, yana laluben bango, ya kasa gane fuskar uwarsa a tsakar gida. A garuruwa da dama maganinta na gargajiya shi ne a ba mai ita hanta ya ci. Kimiyya ta tabbatar da wannan magani, domin a hanta ne jikin dabba yake ajiye sinadarin da mai dundumi ya rasa, wato bitamin A.

Bitamin wasu sinadarai ne da jiki ke bukata kaɗan ƙwarai, amma ba ya iya ƙera isassunsu da kansa, sai dai ya same su daga abinci. Wani masani ɗan ƙasar Poland mai suna Casimir Funk ne ya laƙaba masu wannan suna a shekarar 1912. Guda 13 ne, kuma sun kasu gida biyu. Bitamin C da dangin bitamin B guda 8 suna narkewa ne a ruwa, saboda haka yawancin abin da ya yi rara yakan fita ta fitsari. Wannan ne dalilin da ya sa fitsarin wanda ya sha ƙwayar bitamin B yake yin ɗorawa shar. Su kuwa A da D da E da K a cikin mai suke narkewa, jiki kuma yana iya tara su. A wannan tarawa amfaninsu yake, a nan kuma haɗarinsu yake.

A can bayan ido akwai wani shimfiɗi mai ɗauke da ƙwayoyin da ke gani a cikin duhu. Waɗannan ƙwayoyi suna aiki ne da wani launi wanda haske ke wargazawa, jiki kuma yana sake haɗa shi da bitamin A. Idan ajiyar hanta ta ƙare, launin ba ya samuwa, sai dundumi ya bayyana. In rashin ya ci gaba, farin ido ya bushe, wasu tabo masu kama da kumfa su fito a kansa, daga bisani gilashin idon ya yi laushi ya lalace. Makantar da ta kai wannan matsayi ba ta warkewa. Ɓarnar ba ta tsaya ga ido kaɗai ba. Bitamin A ne ke kula da fatar cikin hanji da ta hanyoyin numfashi, wadda ita ce katangar farko tsakanin jiki da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa zawo da ƙyanda suka fi yi wa yaron da ya rasa shi mugun kamu.

Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, shi ne ya fito da wannan fili. A binciken da ya buga a 1986 kan yaran lardin Aceh na ƙasar Indonesiya, mace-mace sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka ba yara ƙwayar bitamin A. Binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashe ya nuna raguwar ba ta kai haka ba, amma tana nan. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu wata 6 zuwa wata 59 wannan ƙwaya duk bayan wata 4 zuwa 6 a ƙasashen da rashin ya yi yawa. Ita ce ƙwayar da ma'aikatan lafiya ke yanke wa baki su matse cikin bakin yaro a makon lafiyar mata da ƙananan yara, wanda ake yi sau biyu a shekara a Nijeriya. Shuɗiya ta 'yan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuwa, mai ninkin ƙarfin shuɗiyar, ta 'yan shekara 1 zuwa ƙasa da 5 ce. Tazarar watannin ba a banza aka sa ta ba: tsawon lokacin da hanta ke iya riƙe abin da aka ba ta ke nan. Yaron da ƙyanda ta kama kuwa, ana ba shi a ranar da aka gano cutar, a sake ba shi washegari.

Abin lura shi ne, ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun ba ta rasa abincin da ke ɗauke da wannan sinadari ba. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta sa ana samun ɗanyen kayan lambu har da rani. Zogale da alayyafo da rama da kabewa da karas da gwanda da mangwaro duk suna ɗauke da wani launi da ake kira karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Manja ma cike yake da shi. Hanta da ƙwai da man shanu kuwa suna ba da bitamin ɗin ne a shirye. Sai dai karotin ba ya shiga jini sosai sai tare da maiƙo. Ashe ke nan kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai haɗi ne da masanin abinci zai sa wa hannu ba tare da gyara ba. Akasin haka, ganyen da aka shanya a tsakiyar rana yana asarar karotin mai yawa, wanda aka busar a inuwa ya fi riƙe shi. Matsalar takan taso ne a gidan da yaron da aka yaye ba ya samun komai sai kunu da tuwo, manya kuma su cinye ɗan naman da ke cikin miya.

Akwai kuma hanya ta uku. Tun 2002 doka ta wajabta wa masana'antun Nijeriya su zuba bitamin A a sukari da fulawa da man girki, ana kuma gane irin wannan kaya da tambarin ido a jikin buhu ko galan. Haske yana lalata wannan bitamin, don haka man da ya wuni cikin farar kwalba a rana a kasuwa ba lalle ne ya kai gida da abin da aka zuba masa ba.

Mace mai ciki ita ma tana cikin waɗanda ƙari ke yi wa amfani tabbas. A wurin awo ana ba ta ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tare da folik asid, ɗaya daga dangin bitamin B, wanda ke kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa. Wannan tawaya tana faruwa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, saboda haka ya fi kyau a fara sha tun kafin a ɗauki cikin. Amma jar ƙwayar nan ta yara ba ta mai ciki ba ce, domin bitamin A mai yawa yana iya nakasa ɗan tayi.

Ga baligi mai lafiya wanda ke cin abinci iri-iri, labarin ya sha bamban. Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa kwalaben bitamin da ake jerawa a kyamis suna ƙara masa ƙarfi ko tsawon rai, wani lokaci ma sukan cutar. A wani bincike da aka buga a 1994, an ba maza masu shan taba a ƙasar Finland ƙwayar karotin da fatan ta kare su daga sankarar huhu, sai aka tarar cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha. Karotin da ke cikin kabewa ko zogale bai nuna irin wannan illa ba. Bitamin A da ya taru fiye da kima yana kawo ciwon kai da amai, yana kuma lalata hanta. Haka nan wasu magungunan ruwa da ake sayarwa da sunan bitamin don yin ƙiba suna ɗauke da wani magani dabam mai buɗe ciki da sa barci, wanda shi ne yake aikin, ba bitamin ɗin ba. Dalibin da ke fama da kasala da jiri ya fi dacewa a auna jininsa tukuna, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya, wadda ke addabar masu shiga ruwan magudanan noman rani, duk suna rage jini, kuma kowace da nata maganin.